Bao: Kwalin Burodin da Ya Sasanta Uwa da Ɗa

Minti takwas ne tsawon Bao, gajeren fim ɗin katun da kamfanin Pixar ya fitar a 2018, kuma daga farkonsa har ƙarshe ba wanda ya buɗe baki ya yi magana. Domee Shi ce ta rubuta labarin ta kuma ba da umarni, ita ce mace ta farko da ta ja ragamar gajeren fim a tarihin kamfanin. An haife ta a birnin Chongqing na ƙasar Sin a 1989, iyayenta suka ƙaura da ita Kanada tana 'yar shekara biyu, ta girma a Toronto, ita kaɗai gare su. An riƙa haska fim ɗin a sinima kafin a fara Incredibles 2, kuma a watan Fabrairun 2019 ya ci lambar Oscar ta gajeren katun.

Labarin wata dattijuwa ce 'yar ƙasar Sin mazauniyar Toronto. Da safe ta kwaɓa fulawa, ta murza, ta cusa haɗin nama da ganye a ciki, ta naɗe bakin, ta turara a kwandon gora. Wannan shi ne bao. Maigida ya zo ya cusa nasa a baki cikin gaggawa ya fice wurin aiki, ya bar ta ita kaɗai da faranti. Ta kai na ƙarshe baki ke nan sai ya tsala kuka irin na jariri. Ya fito da hannuwa da ƙafafu, ta rungume shi, ta raine shi. Idan kansa ya lotsa sai ta ɗura masa nama har ya cika ya koma daidai. Ya girma, ya so ƙwallo da sauran yara ta hana, ya fara rufe ƙofar ɗakinsa, ta shirya masa liyafar abinci ya wuce ya bi abokai. Ranar da ya shigo da Baturiyar da zai aura ya ɗauki akwatinsa, uwar ta tare ƙofa, suka yi ta ja-in-ja, sai kawai ta cafke shi ta haɗiye.

Wannan haɗiyar ita ce kowa yake magana a kai, kuma ta cancanci haka. Domee Shi ta sha faɗa a hira cewa mahaifiyarta ta kan ce da ma tana iya mayar da ita cikinta don ta san inda take a kowane lokaci. Har ta so ta sassauta wurin don tsoron kada ya yi wa Pixar nauyi, Pete Docter, ɗaya daga cikin manyan daraktocin kamfanin, ya ƙarfafa mata gwiwa ta bar shi yadda yake. Gara da ta bar shi. Son da ya wuce kima yana iya cinye wanda ake so, kuma fim ɗin ya nuna hakan ƙiri-ƙiri ba tare da wa'azi ba.

Amma ni a ganina zuciyar fim ɗin tana wani wuri dabam, a cikin kwalin da ake sayowa daga gidan burodin unguwa. Sau uku wannan burodi yake fitowa. Na farko yaron yana ƙarami, sun shiga shagon shi da uwarsa, sun fito da kwali, suna zaune a motar haya kafaɗa da kafaɗa suna ci. Na biyu ya fara tasawa, yana fushi don ta raba shi da 'yan ƙwallo, ta miƙa masa a cikin motar ya kau da kai. Na uku bayan haɗiyar ne, tana kwance a ɗaki tana kuka, sai inuwa ta bayyana a bakin ƙofa. A nan mai kallo yake gane cewa ashe ɗa ne na jini, mutum sosai mai tabarau da ɗan gemu, wanda ya bar gida, duk abin da ya gabata kuwa kewarsa ce take damunta. Uban ya tura shi ciki. Ya ajiye kwalin, ya zauna a gefen gado, suka ci tare hawaye yana zuba.

Sai mutum ya san irin wannan shago zai ga zurfin abin. A unguwannin Sinawa na biranen duniya, irin wadda ke mahaɗar titin Spadina da Dundas a Toronto, gidan burodi wurin kowa ne. Kana shiga za ka ɗauki tire da ɗan awartakin ɗibar abinci, ka bi akwatunan gilashi kana zaɓa, kowanne kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Akwai wanda suke kira burodin abarba, alhali babu abarba a cikinsa, ɓawon sukarin da ke samansa ne yake tsattsagewa ya yi kama da bayanta. Akwai ɗan ƙoƙon fulawa mai haɗin ƙwai da madara, akwai mai kwakwa, akwai mai jan wake da aka dama da sukari. A gefe kuma ga shayi mai kauri da madarar gwangwani, wanda tsofaffin unguwa suke zama a kansa da jarida har hantsi. Yawancin waɗannan kayan daga Hong Kong salonsu ya fito, inda zaman Ingila na shekara fiye da 150, har zuwa 1997, ya shigo da tanderu da bota da madara cikin girkin mutanen da suka saba da turara fulawa.

To, ga bambancin da Shi ta gina fim ɗinta a kai ba tare da ta nuna shi da yatsa ba. Bao na gida aikin hannun uwa ne, ita ta kwaɓa, ita ta naɗe, ita ke gyara shi in ya lotsa, don haka take ganin nata ne ita kaɗai. Burodin shago kuwa na waje ne, an gasa shi a tanderun wani, asalinsa ma gauraye ne tsakanin Sin da Turai, kamar dai rayuwar yaron da aka haifa a baƙuwar ƙasa. Ɗan bai iya naɗe bao ba, fim ɗin ya nuna mana haka a ƙarshe, inda nasa yake fitowa a karkace. Amma ya san hanyar shagon, ya san abin da uwarsa take so, yana kuma iya saye da kuɗin aljihunsa. A karo na farko abinci ya fito daga hannunsa zuwa nata. Ba ƙaramin abu ba ne wannan ga uwar da ba ta san wata hanyar nuna ƙauna ba sai ciyarwa. Bahaushe ba zai sha wahalar gane ta ba, domin mun san uwar da kunya ta hana ta ko ambatar sunan ɗan farinta, amma kullum ƙoshiyar da ta fi nama a kwanonsa take sauka.

Aikin zanen ma abin yabo ne. Abinci yana da wuyar zanawa a kwamfuta, kuskure kaɗan sai ya koma kamar roba. An gayyato mahaifiyar Shi, Ningsha Zhong, har ɗakin aikin Pixar ta nuna wa ma'aikatan yadda ake naɗe bao, suka ɗauki motsin hannunta, sunanta ma yana cikin jerin waɗanda suka yi fim ɗin a matsayin mai ba da shawara kan al'ada. Shi ya sa mintin farko yake da daɗin kallo haka: garin da ke manne a yatsu, taushin ƙullin, ƙyallin mai a jikin nama, tururin da ke tashi idan an ɗaga murfi. Rona Liu, wadda ta tsara fasalin wuraren, ta cika gidan da tarkacen da ake samu a gidan baƙin haure na gaske, irin su kalandar bango da tukunyar shinkafa ta lantarki, ba ta share shi ya zama na talla ba. Kiɗan Toby Chu, wanda ya haɗa kayan kiɗan gargajiyar Sin da na Turawa, shi ya ɗauki nauyin da magana za ta ɗauka.

Akwai inda fim ɗin ya gaza. Uban kusan ba shi da aiki sai ci da kallon talabijin da tura ɗansa ɗaki, alhali kaɗaicin matar daga teburinsa ya fara, kuma ba a tuhume shi da komai ba. Amaryar ma an yi mata gaggawa. Da farko ita ce baƙuwar da ta zo raba uwa da ɗa, a ƙarshe sai ga ta a tebur tana naɗe bao fiye da mijin, uwar miji tana mamaki. Wurin yana da ban dariya da daɗi, amma karɓuwar matar ɗa ba ta zuwa da sauƙi haka a ko'ina, kuma bai kamata gwanintar girki ta zama kuɗin shigarta ba. Na kuma so a ce an ɗan daɗe a cikin shagon. Daƙiƙa kaɗan aka ba shi, ba mu ga mai shagon da kyau ba, ba mu ga tsofaffin nan masu shayi ba, alhali wurin da zai ɗauki nauyin sulhu ya cancanci fiye da leƙe.

Ga wanda fim ɗin zai sa ya nemi irin wannan shago in tafiya ta kai shi, ya tambaya kafin ya ɗauka, domin ana yawan sa naman alade a cikin bao, wasu kayan zaƙin ma da kitsensa ake yi. Musulmin Sin, irin al'ummar Hui, suna yin nasu da naman sa ko na rago.

Duk da 'yan kurakuran nan, Bao yana cikin mafi kyawun gajerun finafinan da Pixar ya taɓa yi, kuma shi ya buɗe wa Shi ƙofar yin dogon fim ɗinta Turning Red a 2022, wanda shi ma labarin uwa da 'ya ne a Toronto. Ana samun Bao a Disney+, kuma tunda babu magana a cikinsa, wanda bai ji Turanci ba ba zai rasa komai ba. In za ku kalla da ƙananan yara, ku zauna kusa da su, domin wurin haɗiyar yana iya firgita su, za su kuma buƙaci wanda zai yi musu bayani.