Jiki Ɗaya, Ciki Biyu: Labarin Bayajida da Wasiƙar Bulus

Masu kwatanta al'adu sun saba ɗaukar karin maganar Hausawa, irin su "ɗan'uwa rabin jiki" da "abin da ya taɓa hanci idanu ruwa suke yi", su jera su da sura ta 12 ta wasiƙar Manzo Bulus ta fari zuwa ga Korantiyawa, sa'an nan su yanke hukunci cewa magana ɗaya ce. Tun da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932 wannan kwatanci ya zama mai sauƙin yi. Sauƙin nasa kuwa shi ne aibinsa.

Lalle akwai kama. Bulus ya siffanta ikkilisiya da jiki mai gaɓoɓi da yawa, kowace da aikinta. Labarin Daura ma ya raba aiki tsakanin 'ya'yan Bawo: Kano da Rano sarakunan baba, Katsina da Daura sarakunan kasuwa, Gobir sarkin yaƙi, Zazzau sarkin bayi. Ga hannu, ga ƙafa, ga baki.

Amma ta wace ƙofa ake shiga jikin? A nan hanya ta rabu. Wajen Bulus da baftisma ake shiga, ko Bayahude ko Bahelene, ko ɗa ko bawa. Har ya nace cewa gaɓar da aka raina ita ta fi cancantar girmamawa. Jikin da labarin rijiyar Kusugu ya gina kuwa na tsatso ne, haihuwa ke shigar da mutum. Bayajida shi ne uban Bawo, shi ne kuma uban Karɓagari, amma cikin da ya ɗauke su ba ɗaya ba ne: wannan na Daurama, wancan na ƙwarƙwara. Saboda haka zuriyar guda ta shiga Hausa Bakwai, ta ɗayan aka ce mata Banza Bakwai, alhali jininsu ɗaya. Ba banza ba Bahaushe, in zai ƙarfafa zumunta, yakan ce "cikinmu ɗaya".

Abin mamaki, masu kwatancin sukan tsallake abin da ya fi kusa da Bulus a bakin mutanen Daura, wato hadisin Nu'umanu ɗan Bashir da ya kamanta muminai da jiki guda, wanda in gaɓa ɗaya ta yi ciwo sauran su kwana da zazzaɓi. Shi ma da imani ake shigarsa, ba a tambayar wace ce uwar mutum.