Aljana ko iska? Yadda wata mai karatu a Bonkuku ta karɓi "So Aljannar Duniya"

Masu nazarin ƙagaggun labaran Hausa sun fi mayar da hankali ga marubuci da abin da ya rubuta. Mai karatu kuwa, musamman na wannan gefen iyaka, ba a cika jin ta bakinsa ba. A wannan ƴar maƙala za mu duba yadda wata malamar lakwal, haifaffiyar ƙasar Kurfai mai koyarwa a Bonkuku, ta karɓi littafin Hafsatu Abdulwahid, "So Aljannar Duniya", wanda kamfanin NNPC na Zariya ya buga a 1980 bayan ya zo na biyu a gasar da kamfanin ya shirya. Ana lissafa shi a matsayin ƙagaggen labari na farko da mace ta wallafa da Hausa, kuma yana cikin waɗanda suka share fage ga littattafan soyayya da suka cika kasuwannin Kano daga tsakiyar shekarun 1980.

Labarin yana da shinge biyu. Na farko na mutane ne: Boɗaɗo, yarinya Bafillatana, ta fito fili ta gaya wa manyanta cewa Yasir take so, abin da kunyar Fulani ba ta yarda da shi ba. Na biyu na ɓoye ne: aljana ta shiga tsakanin masoyan, ita ma Yasir ɗin take so. Malamar ta ce shingen farko ya kama ta ƙwarai, don ta san irinsa a gidajen da ta tashi. A na biyun ne ta tsaya. Ba wai ba ta yarda da aljanu ba ne. Tambayarta ita ce: "Wannan aljana ta gidan wa ce, kuma me aka hana ta?" Da ba ta sami amsa ba, sai ta yanke hukunci da kanta: "To, wannan ba iska ba ce, kishiya ce."

A ganinmu wannan hukunci ya cancanci nazari, kuma tushensa yana cikin harshe. Hausa tana da kalmomi biyu waɗanda sau da yawa ake musanya su, alhali aikatau ɗin da ke raka su sun bambanta. Aljani, kalmar da aka aro daga Larabci, shafar mutum yake yi, ko ya shige shi, ko ya aure shi. Maganinsa kuwa a fitar da shi, a kore shi, ko a ƙone shi da ruƙiyya. Iska kuwa hawa take yi. Wanda ta hau shi ne doki, mace kuma goɗiya, kuma ba korar ta ake yi ba, girka ta ake yi, wato a san sunanta, a san dabbar da take so a yanka mata da launin tufafinta, a zauna da ita har mutuwa. Kalma ta farko tana kawo yaƙi, ta biyu tana kawo yarjejeniya. Mai karatun da ta tashi inda Doguwa da ƴan uwanta suke da dangi da unguwa da kiɗan goge nasu, in ta ga wata halitta ta ɓoye ta kama namiji, abin da za ta fara nema shi ne bashin da ba a biya ba. Aikin Nicole Échard na 1989 a kan borin Adar da Kurfai ya nuna yadda wannan tsari na dangantaka yake da zurfi a yankin.

Kada a ɗauka cewa ƙauyanci ne ya hana ta gane aljanar birni. Littattafan da suka biyo baya sun sa aljana a mota, a ɗakin kwanan ɗalibai, a titunan Kano, kuma malamar ta karanta da dama daga cikinsu ba tare da mamaki ba. Ai ƙasar Kurfai ma ta kai iskoki birni. A 1925 ne Shibo, wata mata ta garin Shikal, ta fito da Babule, iskoki masu kamannin soja da gwamna, a lokacin da jama'a ke ja da Gado Namalaya, sarkin da Faransawa suka ɗaure wa gindi a Filinge. Kumandan Croccichia ya sa aka tsare su a Yamai, sai shi ma ya koma iska, da sunan Kumandan Mugu. Ƴan ci-rani suka tafi da su har Ankara ta ƙasar Gana, inda Jean Rouch ya ɗauke su a fim ɗinsa "Les Maîtres fous" da ya fito a 1955. Abin lura ga mai nazarin harshe shi ne, Zabarmawa da kalmar Hausa suke kiran su, wato Hauka. A gari irin Bonkuku, hedkwatar Imanan, inda Zabarmanci da Buzanci da Hausa suke gogayya a kasuwa ɗaya, irin wannan aro ba baƙon abu ba ne. A Arewa mai maƙwabtaka kuma, Adeline Masquelier ta bayyana Mariya, iska mai son sukari da turare da ado, wadda ake kwatanta ta da karuwa. Ke nan iska mai kwalliya mai harkar maza ba sabon abu ba ce a nan. Amma ko ita tana da asali, kuma ana sulhu da ita.

Shin malamar ta yi wa marubuciyar adalci? Ba gaba ɗaya ba. Hafsatu Abdulwahid a Kano ta tashi, kuma aljanarta daga wani reshe ta fito, wanda ya biyo ta "Dare Dubu da Ɗaya" da "Ganɗoki" na Bello Kagara na 1934, inda aljanu suke da sarauta da aure amma ba su da goge. Ba a tuhumar marubuci don bai rubuta littafin da bai yi niyya ba.

Sai dai inda muke tare da ita shi ne batun kishiya. Ƙarfin littafin yana wurin da yarinya ta tsaya gaban manyanta, domin a nan abokin gaba yana da fuska, yana da hujja, kuma dole a ci gaba da zama da shi. Da aljana ta shigo, sai nauyin ya tashi daga kan dangi da al'ada ya koma kan wadda babu mai jin kunyar tsine mata. Namijin ma ya kuɓuta: ba zaɓa ya yi ba, kama shi aka yi. Marubutan da suka biyo baya sun ga sauƙin wannan hanya, suka yawaita bin ta. Balaraba Ramat Yakubu kuwa, a "Alhaki Kwikwiyo Ne" na 1990, ta bar kishiyar a matsayin mutum, ta bar mijin da laifinsa, kuma shi ya sa littafinta ya fi ciwo.

Akwai wata matsala da ta shafe mu kai tsaye, mu da muke rubutu da harsuna biyu. Faransanci yakan fassara aljani da iska duka da kalma ɗaya, "génie", kuma da wannan kalma tambayar malamar ba ta da ma'ana. Saboda haka a ɓangaren Faransanci na wannan maƙala mun bar kalmomin biyu da Hausarsu, kowace da aikatau ɗinta a gefe.