Zaki, Kura da Dila: Nazari a Kan Labarin Misali da Sha'anin Mulki

Tun zamanin da Muhammadu Bello ya kafa birnin Sakkwato a shekarar 1809, maganar mulki da yaƙi da halin ɗan Adam ta bi hanyoyi biyu a cikinsa. Ta farko ita ce ta malamai, waɗanda suka rubuta wa masu iko nasiha ƙarara da hujjar aya da hadisi, kamar yadda Shehu Usmanu ya yi a Kitabul Farƙi, da Bello a Usulus Siyasa; ta biyu kuwa ita ce ta tsofaffin mata a tsakar gida bayan sallar isha'i, waɗanda ba su ambaci sunan sarki ko na hakimi ba, sai dai zaki da kura da dila da Gizo, alhali kuwa duk mai hankali ya san ba zancen daji ake yi ba.

Da yawa daga cikin waɗannan labarai sun shiga takarda ne ta hannun malaman Sakkwato, a lokacin da Razdan Burdon ya sa aka rubuta su, daga bisani Frank Edgar ya buga su cikin littattafai uku tsakanin 1911 da 1913. Irin labarin da ya fi bayyana asirin wannan fanni shi ne na rabon nama, wanda ake samun makamancinsa a littattafan Larabawa. Zaki da kura da dila suka yi farauta tare, zaki ya umurci kura ta raba. Ta kasa kashi uku, ta ware nata, nan take ya kai mata mari har fatar kanta ta saluɓe. Da aka juyo ga dila, sai ya ce wannan na kalacin sarki ne, wancan na rana, ragowar kuma na dare. Zaki ya tambaye shi wa ya koya masa wannan kyakkyawan rabo, ya nuna kan kura yana zubar da jini.

Wanda ya tsaya ga zahirin labarin zai ce zaki kaɗai aka zarga, amma wanda ya yi tadabburi zai ga babu ko ɗaya daga cikin ukun da ya fita da tsarki, domin kura ba don son adalci ta raba daidai ba, kwaɗayinta ne ya makantar da ita ga sanin wanda take gabansa, shi kuwa dila, wanda ake wa laƙabi da malamin daji, iliminsa bai wuce sanin yadda zai tsira da fatarsa ba, ko da ta hanyar halatta wa azzalumi zaluncinsa ne. Haka nan Gizo, wanda yara ke murna idan ya ƙulla wa giwa da dorina tarko, da zarar abinci ya shigo hannunsa sai ya hana matarsa Ƙoƙi da 'ya'yansa. Manufar fannin ke nan: son zuciya ba ciwon masu sarauta kaɗai ba ne, yana kwance a zuciyar mai rauni yana jiran ranar samun iko. A kan wannan ma'ana ce aka gina Kalila wa Dimna, wanda Ibnul Muƙaffa ya fassara, inda annamimancin bafade guda ya raba zaki da amininsa bijimi.

Tarihin jihadi kansa ya gaskata wannan ishara, gama bayan nasarar Tabkin Kwatto a 1804 da wahalhalun Tsuntsuwa da Alwasa, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya ga yadda neman ganima da muƙami ya fara shiga zukatan waɗansu daga cikin jama'a, har ya bar runduna wajen 1807 da niyyar tafiya gabas, sai mutanen Kano suka tsayar da shi, ya wallafa musu Liya'ul Hukkami.

Da Nasara suka ci Sakkwato a filin Giginya ranar 15 ga Maris 1903, Sarkin Musulmi Attahiru kuma ya yi shahada a Burmi cikin Yulin shekarar, sai misali ya sami sabon aiki a hannun marubutan boko. Malam Bello Kagara, a cikin Ganɗoki na 1934, ya ɗauki jarumin da bindigar Bature ta karya masa lago ya kai shi ƙasashen aljannu, inda takobi ke da sauran amfani, sa'an nan ya komo da shi tsoho yana ba 'yan makaranta labari. Abubakar Imam kuma, a Magana Jari Ce, ya sa Sarki Abdurrahman ya fita yaƙi da Sarkin Sinari, alhali maƙiyin da ya fi hatsari, wato wazirinsa, yana cikin gida, kuma ba dakaru suka kuɓutar da ɗan sarki ba, aku ne da bakinsa. Saboda haka lokacin da Bala Abdullahi Funtuwa ya fassara littafin George Orwell da sunan Gandun Dabbobi a 1975, Bahaushe bai ga baƙon abu ba a cikin aladun da suka kori azzalumi suka gaji kujerarsa da bulalarsa.

Sai dai wajibi ne a faɗi naƙasun wannan hanya, domin abin da ke kare mai ba da labari shi ne kuma ke kare wanda ake nufi: mai iko yana iya saurare ya yi dariya, ya ce da maƙwabcinsa ake, talaka kuma ya tashi da darasin dila, wato lallaɓa azzalumi, maimakon ƙin zalunci. Misali yana nuna cuta, amma ba ya yanke hukunci. Wannan aiki ne na malamin da zai tsaya a gaban sarki ya kira haram da sunansa, kamar yadda Shehu ya yi a gaban Sarki Bawa Jangwarzo a Magami.