Gwanintar Fitar da Taki Daga Bola

A ƙarshen rani, gonakin kewayen Kano sukan cika da baƙin taki tsibi-tsibi, ana jiran ruwan shuka. Da yawa daga cikinsa daga bolar birni ya fito. Tun zamanin kakanni jakuna ke shiga birni da itace da hatsi, su komo da mangala cike da shara, kuma da ita manoma suka daɗe suna noma gona ɗaya kowace shekara ba tare da ta gaji ba. Sai dai sharar wancan zamani toka ce da kashin awaki da ragowar abinci. Ta yau ta cakuɗe da leda da roba da kwalba, shi ya sa aikin ya koma na gwanaye.

Gwani yakan fara da zaɓen bola. Yakan wuce sabon zubi, ya sa shebur ya tona tsohon gefe inda shara ta daɗe ta yi baƙi. Yana kuma gudun wadda ke kusa da asibiti ko majema ko masana'anta, domin gubarta ba ta ruɓewa, amfanin gona take shiga.

Sai ya baza abin da ya tono da manjagara, wato ƙarfen nan mai haƙora, ya shiga tsinta. Gwangwani da ƙarfe rabon 'yan jari-bola ne. Leda gefe guda. Fasasshiyar kwalba da allura da batir kuwa buhunsu daban. Daga nan ya jingina babbar rariya ta waya da aka kafa a katako, yana watsa mata shara da shebur. Lallausar ta zube ta baya, tarkacen ya gangaro ta gaba.

Abin da bai gama ruɓewa ba, irin ɓawon 'ya'yan itace na kasuwar 'Yan Lemo ko lalataccen tumatir na kasuwar 'Yan Kaba, shi ake yi wa tsibi, kuma a nan ilimin yake. Zai shimfiɗa busasshe, kamar kara da ganye da ƙaiƙayi, ya ɗora ɗanye, ya bi da kashin dabbobi, ya yayyafa ruwa, ya maimaita har tsibin ya kai kamar mita 1. Ƙananan halittun da ido ba ya gani su ke cin wannan haɗi, kuma suna bukatar iska da danshi. Idan suka samu, cikin kwanaki kaɗan zafin tsibin yakan kai digiri 55 zuwa 65, wanda ke kashe ƙwayoyin cuta da irin ciyawa.

Gwani ba shi da ma'aunin zafi. Sandar ƙarfe yake sokawa, ya zaro ya taɓa. Yakan damƙi takin a hannu: in ruwa ya zubo, ya yi yawa, in ya warwatse, ya bushe, in ya dunƙule da ɗan danshi, ya yi daidai. Hancinsa ma na aiki. Warin ruɓaɓɓen ƙwai na nufin iska ta yi kaɗan, sai ya juya. Zarni kuwa na nufin ɗanye ya rinjaya, sai ya ƙara busasshe. Duk mako ɗaya ko biyu yana juyawa, na waje ya koma ciki. Bayan wata 2 zuwa 3 tsibin zai huce, ya yi baƙi, yana ƙamshi kamar ƙasar da ruwan farko ya sauka a kanta. Ba ya kai shi gona kafin nan, domin takin da bai nuna ba yana ƙona shuka.

Mai son sauƙi yakan banka wa bola wuta, ko ya kwashe ta yadda take ya jibge a gona, leda ta shaƙe ƙasa shekara da shekaru. Shi kuwa gwani ya rage wa birni ƙazanta, ya ƙara wa ƙasar jigawa ƙarfin riƙe ruwa. Taimakon da za mu yi masa daga gida yake farawa: a ware ragowar abinci da toka a mazubi ɗaya, leda da kwalba da batir a wani.