Shirun Aura: Sauya Nassi da Mallake Zukata a Gandun Dabbobi

Littafin da George Orwell ya wallafa a 1945, wanda Bala Abdullahi Funtuwa ya mayar da shi Hausa da sunan Gandun Dabbobi a 1975, galibi ana karanta shi ne a matsayin zambo ga mulkin Stalin a Tarayyar Sobiyat. Haka ɗin ne, sai dai wannan fahimta ta yi wa littafin kaɗan. Abin da ya fi cancantar nazarinmu shi ne yadda bore ya yi nasara a yini ɗaya, sannan aka yi shekaru ana zare shi daga hannun masu shi ba su farga ba.

Dabbobi sun kori Nomau, sun rubuta dokoki bakwai a jikin bango. Karnukan Maitumbi sun fatattaki Ɗantulu, amma ba su ne suka riƙe gandun ba. Karambana ne ya riƙe shi, da tsani da fenti cikin dare. Ba ya goge doka, domin gogewa tana jawo tambaya. Kalma biyu ko uku yake ƙarawa a wutsiyarta, sai hanin shan giya ya koma hanin wuce kima, hanin kisa ya koma hanin kisa ba bisa dalili ba. Ɗalibin ilimi zai gane wannan nan take: tahrifi ne, kuma ya yiwu ne domin nassin ba shi da mahaddata, ba shi da isnadi, kofi ɗaya ne tak a hannun mai mulki. Dabbar da ta tuna asalin lafazin, kanta take zargi da mantuwa. Aya ta 54 ta Suratuz Zukhruf ta siffanta Fir'auna da irin wannan: ya raina hankalin mutanensa, suka yi masa ɗa'a.

Akawal, dokin nan mai ƙarfi, shi ne ya fi kowa shan wannan guba. Duk shakkar da ta taso masa, da abu biyu yake kashe ta: ƙara himma a aiki, da sallama wa shugaba. Da ƙarfinsa ya ƙare, a asalin littafin, motar mai yanka dawaki da sayar da fatu ce ta ɗauke shi, aka ce asibiti za a kai shi, kuɗinsa kuma ya tafi a giyar aladu. Leburan da ke jimar fata a masana'antun Challawa, ko na Sharaɗa da Bompai, ya san inda fata take zuwa bayan an gama da dabba, don haka ba ya bukatar sharhin kowa a wannan babi.

Wasu daga cikinmu suna ƙyamar littafin saboda Burtu, tsuntsun da ke yi wa dabbobi albishir da wata aljanna a bayan gajimare. Lalle Orwell ba mai addini ba ne, kuma sukarsa a nan ta yi jam'u. Amma a lura: aladu suna ƙaryata Burtu a baki, suna kuma ba shi kason giya kullum. Wannan hoton malaman su'u ne, waɗanda Almagili da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo suka riga Orwell fallasawa da ƙarnoni ko shekaru masu yawa.

A ganina, wanda littafin ya fi tuhuma shi ne Aura, jakin da ya iya karatu kamar kowane alade. Ya ga kowane ƙari da aka yi a bango, ya zaɓi shiru, yana ɗaukar shirun nan hikima. Bai ɗaga murya ba sai da mota ta tashi da amininsa. Hukuncin ɓoye ilimi sananne ne a wurinmu, kuma Aura ba shi da uzurin jahilci irin na tumaki.

Fassarar tana da rauni ɗaya da ba laifin Funtuwa ba ne. Bature na iya amince wa alade a farkon labari, sai cin amanar ya zo masa sannu a hankali. Bahaushe kuwa tun shafin farko ya yanke wa alade hukunci, saboda haka yana iya rufe littafin yana zaton matsalar jinsin masu mulkin ce, alhali da dawaki ne kaɗai suka iya karatu, da tsanin nan a hannunsu za a same shi.