Ba-zata a Fim, Ba-zata a Birnin Gwari

Yanzu da wuya ka bi fim ɗin Hausa mai dogon zango ka kai kashi na biyar ba a tona wani asiri ba. Direban gidan ashe ɗan mai gidan ne da ya ɓata tun yana goye. Saurayin da ake yi wa kallon matsiyaci ashe shi ne mai kamfanin. Matar da aka yi sadakar bakwai ɗinta sai ga ta ta yi sallama ana shirin kawo wa mijinta amarya. Daga nan sai a saki kiɗa mai tayar da hankali, a haska fuskokin mutanen ɗakin ɗaya bayan ɗaya, a ce mu tara a mako mai zuwa. Ni mai kallo ne, ba na cikin masu cewa fim ɓata lokaci ne. Ƙorafina shi ne ba-zatar ta yi yawa har ta daina ba da mamaki, kuma mafi yawanta daga aljihun marubuci take faɗowa, ba halin mutanen cikin labarin ne ke haifar da ita ba.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Da kasuwar faifai ta mutu, 'yan Kannywood sun daɗe suna laluben mafita. Tashar Arewa24 ta buɗe a 2014, ta fito da Daɗin Kowa a 2015, ta biyo da Kwana Casa'in a 2019, shekarar da Falalu Ɗorayi ya fara Gidan Badamasi. A 2020, shekarar kullen korona, Lawan Ahmad ya ɗora Izzar So a tasharsa ta Bakori TV a YouTube, Aminu Saira kuma ya fito da Labarina. Daga nan hanya ta buɗe, kowa ya bi. A da mutum kan sayi faifai ya biya kuɗinsa sau ɗaya, ko fim ya yi daɗi ko bai yi ba ciniki ya faɗa. Yanzu kuɗin yana zuwa ne daga yawan masu kallo da masu ba da talla, kuma sai an sake nemo mai kallon nan kowane mako. Furodusan da ya bar ka ka tashi hankalinka kwance ya yi asara. Dole ya bar maka abin da zai hana ka barci.

Riƙe mai sauraro da "sai gobe" ba sabon abu ba ne a wurinmu. A Magana Jari Ce ta Abubakar Imam, da labari aku ya riƙa tsare Musa ɗan sarki dare bayan dare, har gari ya waye bai fita ya faɗa tarkon Waziri ba. Amma a lura, kowane labarin da akun nan ya ɗauko yana kai shi ƙarshe, ya ƙosar da mai ji, sa'an nan gobe ya ɗauko wani. Bai taɓa yanka labari ɗaya gida arba'in ya riƙa miƙo shi yanki-yanki ba. Abin da wasu masu shiryawa ke yi mana a yau ya fi kama da mai tuwon sayarwa da miya ta ƙare mata, baƙi kuma ba su daina zuwa ba: ta ƙara ruwa, don kada a gane kuma ta zuba barkono. Ruwan shi ne zaman falo na minti goma ana maimaita abin da muka riga muka gani. Barkonon shi ne hatsarin mota, da mantuwar da ke kama jarumi daidai lokacin da zai faɗi gaskiya, da takardar gwajin jini da ke fitowa daga ƙarƙashin katifa.

Labarina ya isa misali, don shi ne ya fi kowanne iya sana'ar, shi ya sa ma ya cancanci a yi masa magana. Zangunansa na farko sun kama mutane saboda tambayar da ke tsakiyarsu ta gaske ce: Sumayya, 'yar talakawa, da masu sonta kowa da irin halinsa, Mahmud da Presido da Lukman, ga Baba Ɗan Audu na Rabi'u Rikadawa yana ta ƙulle-ƙullensa a gefe. Mutane sun yi ta musu a majalisa kan wanda ya dace da ita kamar 'yar unguwarsu ce. Sai aka kashe Mahmud a labarin. Sai Nafisa Abdullahi, mai fitowa a matsayin Sumayya, ta bar shirin a 2022, daga baya Fati Washa ta ɗauki matsayin. Daga nan mai kallo ya fara jin cewa abin da ke faruwa a bayan kyamara yana da hannu a abin da ke faruwa a gabanta. Da aka koma sabon labari, na Al'amin Mainasara da Sadiq Sani Sadiq ya fito a ciki, sai aka ɗora shi kan tsohuwar dabarar nan ta attajirin da ya ɓoye dukiyarsa don ya gano mai son sa tsakani da Allah. An yi aikin da kyau, hoto ya fita, 'yan wasa sun yi ƙoƙari. Amma abin da dabarar ke faɗa a ƙarƙashi yana damuna. Mace ce kullum ke zaune a jarrabawar da ba ta san ana yi mata ba, ladanta kuma in ta ci shi ne ta tarar talakan nata mai kuɗi ne. To wadda ta so talaka ya kuma tabbata talaka fa? Ita ce mafi yawan matanmu, kuma ba ta da zango ko ɗaya.

Kwatanta da Gidan Badamasi. Kusan babu wani asiri a ciki. Tsoho ne mai dukiya da maƙo, ga tarin 'ya'ya kowa ya zuba ido yana lissafin gado. Tun kashin farko ka san halin kowa, amma kana komawa, don so kake ka ga yadda kwaɗayin wane zai ci karo da wayon wance. Haka Kamaye da Adama a Daɗin Kowa: ba a buƙatar a ce ɗayansu ɗan sarki ne da ya ɓata. Kuɗin cefane kaɗai ya ishe su rigimar mako guda. Marubutanmu na littafi sun san wannan tun tuni. Balaraba Ramat Yakubu ba ta ɓoye wa mai karatu komai ba a Alhaki Kwikwiyo, mugun halin maigida ne ya yi ta tafiya har ya kai shi inda ya kai shi, kuma wanda ya karanta bai manta ba.

A nan Birnin Gwari abin yana da wani ɗanɗano daban. Yawancinmu ba a talabijin muke kallo ba. Safiyar Asabar in ka leƙa shagon masu caji da tura fina-finai za ka ga wayoyi jere a kan katako, kowace da 'yar takarda manne a bayanta, yaron shago yana gaban kwamfuta yana tambayar kowa inda ya tsaya. Ƙanen amarya ya kawo memori an aiko shi daga cikin gida, ɗan acaɓa ya kashe mashin yana jira, wani dattijo ya ce na iyali ne zai kai wa, alhali ya fi kowa sanin sunayen 'yan wasan. Wanda ya riga ya kalla a daren jiya kuwa ana roƙonsa ya yi wa Allah ya rufe bakinsa. Lokacin da gwamnatin Kaduna ta katse layukan waya a wannan yanki, daga ƙarshen Satumba zuwa ƙarshen Nuwamban 2021, sabon kashi sai wanda ya shigo da shi a waya daga wani gari, a kan hanyar da kowa ya san abin da ke kanta a lokacin.

Saboda haka ba zan bi masu raina fim ɗin soyayya ba. Mutumin da ya yini yana sauraron ko an tare hanyar Buruku, ko an shiga wane ƙauye a yankin Kuyello ko Randagi, yana da haƙƙin ya samu awa guda da babbar damuwarsa ita ce wa Sumayya za ta aura. Wannan hutu ne, kuma hutu ba abin kunya ba ne. Sai dai mutanen da suka san ba-zata ta gaskiya ba a cika burge su da ta roba ba. Wanda ya taɓa ganin baƙuwar lamba ta kira shi ya ji muryar ɗan'uwansa daga daji, in ka nuna masa jarumi ya farfaɗo daga suman wata shida da gyararren gemu, dariya zai yi. Na ga ana yin ta kuwa, a daidai wuraren da mai shirin ya so a yi kuka.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne rikicin iyali mafi nauyi da ƙasar Hausa ta gani a shekarun nan bai samu shiga waɗannan finafinai yadda ya kamata ba. Ba harbe-harbe nake nufi ba. Zaman da ake yi a zaure bayan an faɗi kuɗin fansa nake nufi. Babban wa ya ce a sayar da gonar gado, ƙane ya ce in an sayar me marayun da ke gidan za su ci. Uwargida ta fito da 'yan kunnenta ta ajiye, amarya ta ce nata na mahaifiyarta ne, kowa ya juyo ya dube ta. Surukin da ake raina wa arziki shi ya kawo buhun masara goma, attajirin dangi kuma wayarsa ta daina shiga. Sai wa zai ɗauki kuɗin ya shiga dajin, ɗan fari ko ɗan da aka fi jin za a iya haƙura da shi? Bayan nan ga matar da ta dawo bayan watanni, mijin yana son ta, uwarsa tana kawar da kai, maƙwabta suna ƙirga watanni a zuci. Ga saurayin da aka sa wa rana, kuɗin lefen suka tafi fansar mahaifin yarinyar, yanzu ba a san wa ke bin wa bashi ba. Duk abin da masu dogon zango ke nema yana nan: soyayya, kishi, gado, cin amana, da halin mutum da ke fitowa ranar da ba a zata ba. Ba a buƙatar jaririn da aka musanya a asibiti.

Na san akwai shinge. A Satumban 2021, watan da aka rufe mana layuka, Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano ƙarƙashin Isma'ila Na'abba Afakallah ta hana finafinan da ke nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya, bisa hujjar kada matasa su koya. A Mayun 2025 kuma, ƙarƙashin Abba El-Mustapha, hukumar ta dakatar da finafinai 22 masu dogon zango, har da Labarina da Daɗin Kowa, kan batun kawo su a tace kafin a saki. Furodusan da ya zuba kuɗinsa ba zai so ya yi wasa da wannan ba, ya gwammace ya tsaya a falon Alhaji inda babu mai taɓa shi. Ina fahimtar tsoron hukumar, ko da yake ban ga ɗan bindigar da ya jira Kannywood ta koya masa sana'a ba. Amma labarin da nake magana a kai ba ya buƙatar a nuna bindiga ko sau ɗaya. Kyamara tana iya zama a tsakar gida daga farko har ƙarshe, wayar da ke kan tabarma ta ishe ta. Daɗin Kowa ma ai ya taɓo 'yan gudun hijira da masu tsattsauran ra'ayi tun shekarun baya, sama ba ta faɗo ba.

Yanzu ma labarin ya ƙara wani zango da babu marubucin da ya isa ya ƙirƙiro shi. Tun ƙarshen Nuwamban 2024, da Gwamna Uba Sani ya zo Birnin Gwari aka yi sulhu aka buɗe kasuwar kara da ta yi shekaru a rufe, mutanen daji suna shigowa gari cin kasuwa. Masu murna suna da hujja, don motoci na bin hanya, manoma sun koma gonakin da suka bari. Masu ɗari-ɗari su ma suna da tasu. To a ɗauki saurayi guda, a zaunar da shi a teburin mai shayi ranar kasuwa, ya ji wanda ke gefensa ya ce a ƙara masa sukari, ya gane muryar da ta yi ciniki da shi a waya kan kuɗin mahaifinsa. Mahaifin bai dawo ba. Gonar da ya koma nomawa bana kuwa albarkacin sulhun nan ne, da ita kuma yake shirin aure. In ya koma gida zai gaya wa mahaifiyarsa ko zai yi shiru? In ya gaya wa ƙanensa mai zafin kai fa? Wannan kaɗai zai ɗauki kashi goma sha uku, kuma ni zan biya yaron shago ya tura mini tun kafin rana ta yi zafi.