DeltaWing: Motar da ta burge 'yan kallo, amma gwajinta bai cika ba

Idan ka taɓa ganin hoton DeltaWing, da wuya ka manta da ita. Baƙar mota ce mai siffar kibiya: bayanta da faɗi, gabanta siriri, tayoyin gaba biyu sun kusa haɗewa, faɗin kowace bai wuce santimita 10 ba. Kallon farko za ka ce wannan ai ba za ta sha kwana ba, kifewa za ta yi kamar adaidaita sahun da aka yi wa lodin rashin hankali. To, ta sha kwana, kuma da gudu. Tambayar da muke so mu duba tare da kai ita ce: shin ta tabbatar da abin da masu ita suka yi iƙirari?

Bari mu fara da asalinta. Wani injiniya ɗan Ingila, Ben Bowlby, shi ya zana ta, da niyyar a ɗauke ta a matsayin sabuwar motar gasar IndyCar ta Amurka. A 2010 masu gasar suka zaɓi kamfanin Dallara, suka bar ta. Sai ƙofa ta buɗe a Faransa. Masu shirya tseren awa 24 na Le Mans sun ware gurbi ɗaya da suke kira Gareji na 56, don motar gwaji wadda ba sai ta bi dokokin sauran ba. DeltaWing ce ta fara shiga wannan gurbi a 2012, ɗauke da lamba 0 da injin Nissan.

Iƙirarin mai sauƙin riƙewa ne: rabin nauyi, rabin ƙarfin inji, rabin mai, amma gudu kusan ɗaya. Nauyinta wajen kilo 475 ne, alhali doka ta tilasta wa manyan motocin tseren su kai kilo 900. Injinta mai lita 1.6 ne, ƙarfinsa wajen doki 300.

Me ya hana ta kifewa? Sama da kashi 70 cikin 100 na nauyinta yana kan tayoyin baya, waɗanda ke nesa da juna, kuma nauyin yana ƙasa-ƙasa, dab da kwalta. Idan ta shiga kwana, tayoyin bayan ne ke tare ƙarfin da ke neman karkatar da ita. Na gaba kuwa aikinsu kawai su juya hancin da ba shi da nauyi, don haka sirara sun wadatar. Sannan ba ta da manyan fukafukan da sauran motoci ke sakawa don iska ta danne su ƙasa. Ita ta ƙarƙashinta iska ke bi ta tsotse ta zuwa kwalta. Wannan ya rage turjiyar iska, wadda ita ce ke cinye mafi yawan mai a dogon miƙaƙƙen titi irin na Le Mans. A nan dole a sara wa Bowlby. Lissafinsa ya yi aiki: a zagayen share fage motar ta zo ta 29, cikin sahun motocin aji na biyu masu ƙarfin inji fiye da nata.

Amma ga inda gizo ke saƙar. Ka tuna ƙa'idar farko ta kowane gwaji: kada ka sauya abubuwa da yawa lokaci ɗaya, in ba haka ba ba za ka san wanne ya kawo sakamako ba. DeltaWing ta sauya siffa, ta kuma zubar da kusan rabin nauyi. Motocin da aka gwada ta da su ba wai injiniyoyinsu sun kasa rage nauyi ba ne, doka ce ta hana su. To da a ce an ƙera mota mai siffar da aka saba, ita ma aka bar ta ta tsaya a kilo 475 da ƙaramin inji, me za ta yi? Babu irin wannan motar a tseren. Don haka ba za ka iya cewa siririn hanci ne ya rage shan mai ba. Yana iya zama 'yancin karya doka ne kawai.

Matsala ta biyu, tseren juriya sai an kai ƙarshe ake magana. Bayan zagaye 75, motar Toyota da Kazuki Nakajima ke tuƙawa ta goge ta, ta tura ta jikin katanga. Direbanta, Satoshi Motoyama, ya shafe kusan awa ɗaya da rabi yana fama da gyara shi kaɗai, domin doka ba ta yarda makanikai su taɓa mota a wajen gareji ba. Ƙarshe ya haƙura. Wadda ta lashe tseren, Audi, zagaye 378 ta yi. Bayan wata huɗu, a Road Atlanta da ke Amurka, wata Porsche ta buge ta lokacin atisaye har ta kife. An gyara ta, ta shiga tseren Petit Le Mans ta zo ta biyar, kuma wannan shi ne hujja mafi ƙarfi da magoya bayanta ke da ita. Amma sau biyu ke nan a shekara ɗaya. Mota mara nauyi a tsakiyar masu ninkinta, ita ke kwana a ciki idan aka yi karo. Ta ci gaba da tsere har 2016 a hannun Don Panoz, ba ta taɓa cin kofi ba.

To wane hukunci za ka yanke? A namu ganin, DeltaWing ta tabbatar da abu ɗaya ƙwarai: mota mai siririn gaba tana iya shan kwana lafiya, kuma rage nauyi da turjiyar iska hanya ce ta gaskiya ta rage shan mai. Abin da ba ta tabbatar ba shi ne cewa siffarta ta fi wadda aka saba. Gobe idan wani kamfani ya tallata maka sabuwar fasaha da alƙaluma masu burgewa, tambaye shi: da me aka gwada ta, kuma dokar da ta ɗaure waccan ta ɗaure wannan?